Sharhi a kan littafin Baba ta Karo

Na kammala karanta littafin Baba of Karo, wanda aka fara bugawa a Landan a shekarar 1954, kuma a ganina duk mai son sanin yadda ƙuruciya take a ƙaramin garin ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, to, da shi ya kamata ya fara. Baba ce da bakinta ta ba Mary Smith, matar masanin zamantakewar al'umma M. G. Smith, labarin rayuwarta da Hausa tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, ita kuwa Mary ta rubuta, ta mayar da shi Turanci. An haifi Baba a wajen 1877, Allah ya yi mata rasuwa a 1951, watau ba ta ga littafin da idonta ba.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne kashin farko, inda take ba da labarin tasowarta a Karo, kusa da garin Zarewa a ƙasar Kano. Yarinya ce mai kallon duniya daga tsakar gida, don haka abin da ya dame ta shi ne ranar kasuwa, da rawar 'yan mata a gaban makaɗa, da yadda ake ƙulla ƙawance da kyaututtuka har ya zama zumunci na tsawon rai. Ana cikin wannan walwala kuma sai a ji mahara sun taso, mutane su bar gonaki su ruga cikin ganuwa, wanda aka kama kuwa dangi su yi ta faɗi-tashi wajen haɗa kuɗin fansarsa. Ba ta kuma ɓoye cewa gidansu ma suna da bayi a rinji masu yi musu noma ba, kuma wannan faɗin gaskiya ne ya sa na amince da sauran abin da ta faɗa.

Inda na sha wuya shi ne yawan dangi, domin Baba ta yi aure sau huɗu, kuma sunayen kishiyoyi da gwaggwanni da surukai kan cakuɗe wa mai karatu. Doguwar gabatarwar M. G. Smith ma tana da nauyi, saboda haka ina ba da shawarar a fara da labarin Baba, a koma wa gabatarwar daga baya.