Gyaran Boxer ɗina a Panteka bayan faɗuwar da na yi a Kawo

Yau sati uku kenan da na faɗi da mashin, alhamdulillahi jiki ya yi sauƙi, shi ne na ce bari in faɗi yadda muka yi da bakaniken da ya gyara min shi tunda mutane na ta tambayata wa ya yi aikin.

Da yamma ne bayan an ɗauke ruwa, na taso daga Mando zan shiga cikin garin Kaduna, ina wuce gadar Kawo kaɗan sai wani mai keke ya yanko min ba tirafiketa ba komai, na damƙe birkin gaba da ƙarfi ga yashin da ruwa ya kwaso ya baje a kwalta, kawai tayar gaba ta zame. Allah ya sa ba gudu nake ba. Gwiwa da hannu suka kurje, kafaɗa ta bugu, hular kwano ce ta ɗauke dukan da kai zai sha, har yanzu ga zanen kwalta a jikinta. Jama'a suka taru ana ta sannu, wani bawan Allah ya kawo man birki wai a zuba a ciwon, na yi masa godiya na ce a bari. A asibitin unguwarmu aka wanke, nas ɗin ta tambaye ni rabona da allurar tetanus na ce tun ina sakandare, ta ce in ciwo ya sha datti kuma an wuce shekara 5 to dole a sake. An yi hoton kafaɗa ba karaya, targaɗe ne.

Mashin ɗin Bajaj Boxer ne. A ido madubi ne da gilashin fitila da hannun birki suka tafi, sai tanki da ya lotsa gefe ɗaya. Wani yaro a layinmu ya canza min madubi da hannun birki ya ce shi kenan. Amma ina hawa na ji yana ja min hagu, in na ɗan sassauta riƙo sai kan ya kama rawa, wallahi raina bai kwanta ba don da shi nake kai yara makaranta.

Abokina ya raka ni tsohuwar Panteka can wajen Poly, gun wani dattijo mai rumfar kwano. Abin da ya fara burge ni bai tambaye ni me zan canza ba, ya ɗora mashin a dabul stan, ya juya tayar gaba yana kallon yadda rim ke lilo, sannan ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa ya murɗa kan. Ya ce "ɗana, shokozobarka ce ta lanƙwashe." Ya kwance su duka biyun ya mirgina kowacce a kan wani shafaffen ƙarfe ina tsaye, ta dama ta tafi lafiya lau, ta hagu tana tafiya tana ɗingishi. Ya nuna min inda mai ke tsattsafowa ta sil, wato robar da ke tare man shokozoba. Na ce Baba ba za a iya miƙar da ita ba? Ya ce in lanƙwasar kaɗan ce ana sa ta a jak a miƙar, amma wannan ta fara karyewa a jiki, ko an miƙar wata rana rami ɗaya zai ƙarasa ta, shi ba zai ɗauki alhaki ba. Kuma bai ce in sayi biyu ba, ɗaya ya ce, ya haɗa ni da yaronsa na je na biya da hannuna. Hannun birkin da aka sa min a unguwa ma ya ce a cire, jabu ne, ya ba ni shi da na kamfani in ji nauyinsu a tafi, bambancin a fili yake. Rim kuwa bai canza ba, zama ya yi ya ɗaure sifok, wato wayoyin da ke riƙe rim, ɗaya bayan ɗaya har ya daidaita, aikin haƙuri ne sosai.

Inda ban ji daɗi ba shi ne alkawari. Kwana biyu aka ce min, sai da ya kwana biyar, yau ba wuta gobe mai fenti bai fito ba, ni kuma ina ta kashe kuɗin keke da ciwo a gwiwa. Fentin tankin ma in rana ta haska za ka ga jan bai zo ɗaya da na asali ba. Sannan yaran sun manta ba su jona wayar tirafiketar baya ba, sai da na iso gida na lura, na koma washegari Baba ya yi musu faɗa a gabana ya gyara da kansa bai karɓi ko sisi ba.

Kuɗin aikinsa 9,000 ya karɓa ban da kaya da fenti, ni dai ban ga tsada ba. Jiya na je Rigasa na dawo ta baifas, kan mashin tsaye cak ba ja ba rawa. Ya ce in koma ranar Asabar ya sake duba sifok ɗin don sukan saki bayan an ɗan hau, kuma zan je in sha Allah. Gwiwar ce dai har yanzu take ɗan damuna wajen sujada.