Mun kai yara Kaduna a jirgin ƙasa mun dawo a ranar, ga yadda na ga abin

Masu tambayata wai za a iya zuwa Kaduna daga Abuja da ƙananan yara a dawo a rana ɗaya, bari in amsa muku gaba ɗaya in huta. Ana iyawa, amma fa sai kin cire dogon buri, don a wajen yara jirgin shi ne yawon, Kadunar ƙari ce kawai.

Mu a Kubwa muke zaune don haka a tashar Kubwa muka hau, kuma duk wanda ke Gwarinpa ko Dutse Alhaji ko Bwari ita ta fi masa sauƙi a kan ya ja yara har Idu, babbar tashar Abuja, da sassafe. Sai dai jirgin daga Idu yake tasowa, a Kubwa 'yan mintuna yake tsayawa, in kina da goyo ga jakar pampas ga wani na jan zaninki to ki san lambar taragonki tun kafin ya iso. Tikiti kuwa ta intanet maigida ya saya, ana neman lambar NIN, kuma a ƙofa ana duba sunan da ke jiki da katin shaida, kar ki ce za ki shiga da na ƙanwarki. Abu mafi muhimmanci, ku sayi na dawowa tare da na tafiya, ku kuma duba lokacin tashi ana gobe tafiyar don jadawalin na canzawa. Na ga wata baiwar Allah a Rigasa, wato tashar jirgin ta Kaduna, da yara tana ta buga waya tana neman kujera da yamma, wallahi ta ban tausayi.

Cikin tarago kam ba laifi, mu ikonomi muka shiga kuma ban ga abin da zai sa in ƙara kuɗi don yaran da ba zama za su yi ba. Akwai esi, sanyin ma har ya so ya yi wa 'yar goyen yawa, ku taho da rigar sanyi ko da ana zafi a waje. Abin da ya fi min komai shi ne banɗaki, duk uwar da ta taɓa bin hanyar Kaduna a motar haya yaro ya ce mata Umma fitsari a daidai inda direba ba zai taɓa tsayawa ba ta san me nake nufi. Nan kuwa sai ki kama hannunsa ku je ku dawo, amma ki riƙe 'yar butarki da tishu. Ana zagayawa da lemo da abin taɓawa na sayarwa, ni dai daga gida na soya dankali da ƙwai na cika flas da shayi, ya fi min kwanciyar hankali da sauƙin aljihu.

Tafiyar daga Idu zuwa Rigasa kilomita 186 ce, awa biyu da wani abu. Awar farko babban yarona manne yake da taga yana ƙirga shanu da duwatsu, kowace tasha sai ya tambaya Abba mun zo, a Jere ya tambaya, a Rijana ma ya tambaya, ƙaninsa kuwa daga baya ya gaji ya fara zarya a tsakanin kujeru sai da wata dattijuwa, Allah ya saka mata da alheri, ta zaunar da shi tana ba shi dabino. Netwok na ɗaukewa a hanya, in katun za ki ba su ki sauke shi a waya tun a gida.

Maganar tsoro kuma, ba zan ɓoye ba kafin mu tafi na yi ta tunanin harin 28 ga Maris 2022 da aka kai wa jirgin nan a wajen Katari, wanda ya sa aka dakatar da shi har watan Disamba na shekarar. Mun ga jami'an tsaro a tasha da cikin jirgi, mun yi addu'ar tafiya, Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.

Inda lissafi ke kwancewa shi ne Rigasa. Tashar ba a tsakiyar gari take ba, can gefe take, ga cunkoso a hanya, ga masu tasi da Keke da zarar sun gan ki da yara da jaka sun san baƙuwa ce sai su tsuga kuɗi, ku yi ciniki kafin ku shiga, in kuna da ɗan uwa mai mota ma ya fi. Ni da na tsara wurin shaƙatawa na Gamji Gate da gidan tarihi na Arewa House da leƙa Kasuwar Barci in duba atamfa, ƙarshe Gamji kaɗai muka samu, yara suka yi guje-guje a ƙarƙashin bishiyoyi a bakin kogin Kaduna, suka ga tsohuwar gadar ƙarfen Lugard da aka ɗauko daga Zungeru, muka yi azahar muka ci abinci, kafin ka ce me maigida ya fara duba agogo, don jirgi ba ya jiran mai canza wa yaro pampas.

A dawowa duk barci suka yi, sai saɓa su muka yi a kafaɗa a Kubwa. Zan sake zuwa in sha Allah lokacin hutun makaranta, amma 'yar goyen wajen kakarta za ta wuni, kuma kasuwa sai ranar da na je ni kaɗai.