Sharhi kan IMFDB, ma'adanar bindigogin fina-finai

Wanda ya kalli Home Alone, fim ɗin barkwancin da Chris Columbus ya ba da umarninsa a 1990, da wuya ya ce masa fim ɗin bindiga, amma duk da haka bindiga ce ta kai ni ga IMFDB, shafin intanet da aka buɗe a 2007 domin tattara bayanan makaman da ke fitowa a fina-finai, shirye-shiryen talabijin da wasannin bidiyo. So nake in san sunan bindigar da ɗan daban nan yake ɓarin wuta da ita a cikin tsohon fim mai baƙi da fari, wanda yaron gidan, Kevin, yake kunnawa don ya razana masu zuwa bakin ƙofa.

Amsar ita ce Thompson, kuma yadda shafin yake kafa hujja shi ne abin da ya fi burge ni. Ana ɗora hoton bindigar ta ainihi a sama, sannan a jera hotunan da aka tsayar daga fim ɗin a ƙasa, ta yadda mai karatu zai gwada da idonsa maimakon ya dogara da faɗar wani. Ta wannan hanyar na koyi cewa ba duka Thompson ba ne iri ɗaya: samfurin 1921, wanda kamfanin Colt ya ƙera guda 15,000, da na 1928, suna da maɗanar ɗana harsashi a bisa, kuma suna karɓar gidan harsashi mai siffar faifai da ke ɗaukar 50 ko 100, alhali samfurin M1 na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu maɗanarsa tana gefen dama, kuma ba ya karɓar faifan sam. Da zarar mutum ya hango faifan nan a hannun ɗan wasa, ya riga ya cire M1 daga lissafi. Shi kansa tsohon fim ɗin, ashe, ba a taɓa yin sa ba, don Home Alone kaɗai aka ɗauki wannan ɗan guntun.

Fina-finan iyali suna da tasu wahalar, domin sau da yawa abin da yaro ya riƙe bindigar iska ce, kamar wadda Kevin ya ɗauko daga ɗakin yayansa ya harbi ɗaya daga cikin ɓarayin da suka zo fasa gidan a goshi ta ƙaramar ƙofar kare. Irin waɗannan sukan rikita mai bincike. Bindigar iska ta Red Ryder ta kamfanin Daisy da aka nuna a A Christmas Story na 1983, alal misali, an saka mata kamfas mai nuna alƙibla da agogon da ke aiki da inuwar rana a ƙota musamman saboda fim ɗin.

Shafin kyauta ne, sai dai yana da nasa rauni. Da Ingilishi aka rubuta shi, cike da lambobi da kalmomin masana makamai da ba a cika yi wa sabon shiga bayaninsu ba. Masu sa kai ne kuma suke rubutawa da gyarawa, saboda haka inda hoto ya yi duhu, ko hannun ɗan wasa ya rufe rabin bindigar, nakan ɗauki sunan da aka bayar a matsayin hasashe har sai na koma na tsayar da fim ɗin na duba da kaina.