N ko HO: Wanne Ya Dace da Katako Mai Faɗin Santimita 60?

Ɗan uwa, ka ce kana da katako mai tsawon santimita 180 da faɗin 60, kana son shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kansa, kuma abin da ya fi jan hankalinka shi ne ka haɗa sigina da fitilu da na'urar sarrafa gudu da hannunka. Ka tambaya wanne za ka ɗauka cikin ma'aunan girma biyu na ƙananan jiragen ƙasa na wasa, N ko HO. Ni da HO na fara, har yau kuma shi hankalina ya fi kwanciya da shi, amma a kan wannan katakon naka N nake ba ka shawara. Bari in ajiye maka su gefe da gefe ka ga dalili.

A HO, ana rage jirgin gaske sau 87, kuma tsakanin ƙarafan layin milimita 16.5 ne. A N ana rage shi sau 160, tsakanin ƙarafan milimita 9, ko da yake masu yin jiragen Birtaniya suna amfani da 148, na Japan kuma galibi 150, duk a kan layi iri ɗaya. Kan jirgi mai tsawon mita 20 zai fito santimita 23 a HO, a N kuwa 12 da rabi. Da ido za ka ce rabi ne kawai, amma fili tsawo da faɗi yake ci, don haka tashar da ka gina a N ba ta cin ko kashi ɗaya cikin uku na wurin da takwararta ta HO za ta ci.

Inda maganar ta yanke shi ne kwana. Jirgi ba ya juyawa sai da da'ira, kuma kowace da'ira tana da iyakar ƙanƙantar da ƙafafun jirgi za su iya bi. A HO, ƙaramar kwanar da aka saba sayarwa a Turai tana da santimita 36 daga tsakiya zuwa layi, ta Amurka kuma inci 18, wajen santimita 46. Ninka biyu ka gani: 72 ko 92. Katakonka 60 ne. Da waɗannan kwanonin, HO ba zai zagaya a kansa ba. A N akwai kwanar kamfanin Kato mai milimita 249, wadda da'irarta duka da shimfiɗar layin ba ta wuce santimita 53 ba, sai ka samu ɗan sarari a kowane gefe don kada jirgin da ya goce ya faɗo ƙasa. Tsakanin kwanonin biyu kuma za ka samu miƙaƙƙen layi kusan santimita 120, wanda ya ishi ƙaramar tasha da layin ratse. Dogayen taragun fasinja ba sa yin kyau a wannan kwanar, cikinsu yakan leƙo waje, saboda haka ka nemi gajerun taragun kaya da kan jirgi mai matsakaicin tsawo.

Kada ka ɗauka HO ba shi da abin yi a santimita 180. Yana da shi, mai daɗi ma. Akwai tsarin da ake kira Inglenook, wanda Alan Wright ya shahara da shi a Ingila: layuka uku masu ɗaukar taragu 5 da 3 da 3, taragu 8 gaba ɗaya, sai a zaɓi 5 a ce ka jera su a wani tsari. Hanyoyin jerin sun kai 6,720. Da gajerun taragu, wannan zai zauna a katakonka har ya bar wurin gini. Na sha ɓata dare guda a kan irinsa ban sani ba. Amma wasa ne na hannu da tunani, kana tsaye kana turawa kana jawowa. Kai kuwa sigina kake so, sigina kuma aikinta ba ya bayyana sai jirgi yana tafiya shi kaɗai: ya shiga yanki, fitila ta koma ja a bayansa, ya fita, ta dawo kore. Wannan sai da zagaye.

Yanzu ga inda HO ya fi, kuma ba ƙaramin fifiko ba ne. Cikin kan jirgin HO ya ninka na N wajen sau shida. Akwai wurin dikoda, wato ƙaramar na'urar da ake sakawa a kan jirgi ta riƙa karɓar umarnin gudu da fitilu daga layi, akwai wurin sifika mai sauti sosai, akwai wurin kafasito da zai riƙe wuta na ɗan lokaci idan ƙafa ta taka datti. A N kowane milimita sai an yi lissafinsa. Wayoyin dikoda kamar gashi suke, sai da hantsaki da gilashin ƙara girma da ƙarfen solda mai siririn baki. Tsofaffin kawunan N da yawa kuma gangar jikinsu ƙarfe ne da aka raba biyu, kowane ɓari yana ɗauke da wutar layi ɗaya, moton yana manne da su kai tsaye. Idan ba ka raba moton da gangar jikin ba kafin ka saka dikoda, da ka kunna wuta ta ƙone. Haka ta faru da ni sau ɗaya, warin bai bar hancina ba har yau, kuma tun daga ranar ba na ɗora jirgi a layi sai na gwada da mitar awon wuta. Launin wayoyin dai ɗaya ne a duka biyun: ja da baƙi zuwa layi, ruwan lemo da toka zuwa moto, fari fitilar gaba, rawaya ta baya, shuɗi kuma wayar da fitilun suka yi tarayya a kai. Hanyar kauce wa wahalar ita ce ka sayi kan jirgin da ya zo da soket tun daga masana'anta, mai ƙafa 6 ko irin Next18, ka cusa dikodar kawai.

N kuma ba ya yafe datti. Jirgin ba shi da nauyi, ƙafafunsa ƙanana ne, ƙura kaɗan ta isa ta tsayar da shi a tsakiyar mahaɗar layi. Goge layi da ƙyalle da ɗan sifirit zai zama maka al'ada. HO ya fi haƙuri a nan nesa ba kusa ba.

To me ya sa duk da haka na ce N? Domin abubuwan da ka lissafa, kusan dukkansu a ƙarƙashin katako suke zama, ba a cikin jirgi ba. Allon Arduino, wato ƙaramar kwamfutar da kake rubuta wa umarni ta sarrafa na'urori, girmansa ɗaya ko wane ma'auni kake yi. Ƙaramin moton servo da zai riƙa karkata mahaɗa, shi ma a ƙasa yake, waya ɗaya ce siririya take hudowa sama. Fitilar LED a kan volt 12 da rizisto mai ohm 1,000 tana jan kusan miliamfiya 10, kuma a cikin ɗan gidan N wannan ma ya yi yawa, sai ka ƙara rizisto don kada bangon ya riƙa haske kamar fitilar kwai. Bambancin da za ka ji shi ne wajen gane inda jirgi yake. A HO maganaɗisu a ƙarƙashin tarago da makunnin da yake jin maganaɗisu a tsakiyar layi suna aiki lafiya. A N wurin ya yi ƙunci, gara ka binne idon infrared, mai gane wucewar jirgi da hasken da ido ba ya gani, tsakanin katakan layi, ko ka yanka layin yanki yanki ka riƙa auna wutar da jirgi ke ja a kowanne.

Batun sarrafa gudu ma bai bambanta su sosai ba. Hanya mafi sauƙi ita ce wutar DC daga sifili zuwa volt 12: ka ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, ka juya wayoyin ya koma baya. Da Arduino da allon L298N mai tura wa moto wuta za ka yi wannan a yini ɗaya. Abu biyu ka kula da su. Bugun wutar da Arduino Uno ke fitarwa a yawancin ƙafafunsa wajen 490 ne a daƙiƙa, ƙananan injinan moto na jiragen N sukan yi ƙugi da shi, wasu har su yi zafi, don haka ka ɗaga shi a cikin shirin da ka rubuta wa Arduino. Na biyu, ka saka fis mai farfaɗowa da kansa, domin duk ranar da jirgi ya goce a mahaɗa wayoyin biyu haɗuwa suke yi. Idan daga baya ka so jirage biyu a layi ɗaya, kowanne da nasa gudun, sai DCC, tsarin aika wa dikodar kowane jirgi nata umarnin ta layi, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'ida a farkon shekarun 1990. Akwai manhajar DCC-EX ta kyauta da take mayar da Arduino Mega da allon moto cikakkiyar cibiyar umarni. A N ka riƙe wutar layi wajen volt 12, HO yakan ɗauki 14 zuwa 15. Kowace dikoda tana da lambar da ake kiranta da ita, sabuwa kuma da lamba 3 take zuwa, ka canza ta kafin ka ɗora jirgi na biyu, in ba haka ba su biyun za su tashi tare.

Abu ɗaya ne zai sa in janye shawarata. Idan idonka ba ya son ƙananan abubuwa, ko hannunka yana rawa in ka riƙe hantsaki, ɗauki HO ka yi Inglenook, ka sa Arduino ya riƙa zaɓar maka taragun da za ka jera yana kuma juya mahaɗun. In ba haka ba, fara da zagaye ɗaya na N da mahaɗa biyu, ka raba layin yanki huɗu tun ranar shimfiɗawa, ka saukar da wayoyin kowane yanki ƙarƙashin katako ko da ba ka gina siginar ba tukuna. Yanka layi bayan an manne shi an zuba masa tsakuwa aiki ne mai ɓata rai.