Inshorar tsohuwar kyanwa a Birtaniya: a zauna ko a sauya kamfani?

A Birtaniya babu asibitin gwamnati na kyauta ga dabbobi, shi ya sa masu kyanwa da yawa ke biyan inshora. Da ta haura shekara 10, kuɗin sabuntawa sai hawa yake, mai ita ya fara leƙa wasu kamfanoni.

Wanda ya zauna da tsohon kamfaninsa, musamman in tsarin na tsawon rai ne, wato wanda ke ci gaba da biyan kuɗin maganin ciwo muddin ana sabunta shi duk shekara, yana biya da tsada, kuma sau da yawa akan ɗora masa wani kaso na kuɗin magani, kamar kashi 20 cikin 100. Amma in tsarin na tsawon rai ne, ciwon ƙoda ko na suga da aka gano ana cikinsa, kamfani zai ci gaba da biya duk shekara, har iyakar da aka rubuta. Ciwon ƙoda kuwa ya zama ruwan dare ga tsofaffin kyanwoyi, kuma ba ya warkewa: gwajin jini da fitsari akai-akai, ga magani.

Sauyawa na da araha a takarda. Sai dai sabon kamfani zai nemi tarihin kyanwar daga likitan dabbobi, kuma yawanci duk abin da aka taɓa rubutawa a fayil ɗinta, ko da yawan shan ruwa ne, ya fita daga abin da inshorar za ta biya. Ga jiran kusan kwana 14 kafin inshorar cuta ta fara aiki.

Ni dai in fayil ɗinta fes yake, a sauya. In an taɓa ambaton ƙoda a ciki, gara a zauna, a roƙi ragi ta waya.