Injin wankin da ba zai cinye miki leshi ba

Leshin ruwan hoda ne mai huda-huda, shi aka ɗora a saman akwatin farko na lefena, sau biyu kacal na saka shi. Na jefa shi a injin wanki mai baho biyu, na murɗa maɓallin zuwa inda aka ce wankin a hankali ne, na tafi duba tukunya. Da na dawo sai na tarar gefen zanin ya shige ƙarƙashin farfelar da ke gindin bahon, zaren ya nannaɗe kamar taliya a cokali mai yatsu. Da almakashi aka raba su. Tun daga ranar, duk wadda ta ce in raka ta sayen inji, tambayata ta farko ita ce: me ke juya kayan a ciki?

Iri uku za ki tarar a shaguna. Mai baho biyu shi ne mai araha, ba ya neman famfo, da bokiti ake zuba masa ruwa, ƙaramin janareta ma yana ɗaukarsa. Don zanin gado da tawul da kayan makarantar yara, ban raina shi ba. Amma maɓallinsa na wankin a hankali ba ya canja komai sai tsawon hutun da farfelar ke yi tsakanin juyi da juyi. In ta tashi, da ƙarfinta take fizga. Shi kuwa mai murfi a sama da ke yin komai da kansa, farfelar nan ce dai aka sa mata ƙwaƙwalwa, kada mu ɓata lokaci a kansa.

Nawa shi ne mai ƙofa ta gaba, mai gilashi zagayayye. Ba shi da farfela ko kaɗan. Gangar a kwance take, tana ɗaga kaya ta sake su su faɗo cikin ruwa, kamar yadda mai wankin hannu ke tsomawa yana cirowa. In kika sa shi a wankin kaya masu laushi, wanda galibi ake rubuta wa Delicates ko a zana gashin tsuntsu, ki tsaya ki leƙa ta gilashin: gangar za ta ɗan karkata, ta tsaya, ta koma ɗaya gefen, ruwa ya fi na wankin yau da kullum yawa, kayan suna lilo a ciki ba mai cuɗa su. Wasu suna da wankin ulu da wankin hannu daban, waɗannan sun ma fi taushi.

Sai dai ƙofar gaba kaɗai ba ta isa ba. Abin da nake dubawa kafin suna, kafin launi, kafin komai, shi ne ko injin zai bar ni in zaɓi gudun matsewa da kaina. Wankin yau da kullum yana matsa kaya da juyi 1000 zuwa 1400 a minti ɗaya. Leshi da mayafin shifon da abaya mai duwatsu ba sa son abin da ya wuce 400 zuwa 600, wani lokacin ma gara a kashe matsewar gaba ɗaya, a naɗe kayan a tawul ya tsotse ruwan. Injin da bai da wannan maɓallin, ko kyauta aka ba ni, na gode. Na biyu, maɓallin zafin ruwa: ki tabbata yana sauka zuwa digiri 30 da kuma ruwan sanyi zalla. A nan akwai riba biyu. Rinin atamfa ba ya zuba, sannan ƙarfen da ke dafa ruwan, wanda shi kaɗai yake jan wajen wat 2000, bai tashi ba. Masu cewa mai ƙofar gaba ba ya zama da sola ko inbata, yawanci ruwan zafi suke kunnawa.

Yana da nasa fitintinu, ba zan ɓoye ba. Ya fi tsada, yana da nauyi, yana son ruwan famfo mai ƙarfi, in tankinku bai yi sama sosai ba sai an ƙara masa ɗan famfon turi. Wutar da ke hawa da sauka kuma tana ƙona masa allon ƙwaƙwalwa, don haka ki lissafa kuɗin sitabilaiza a cikin kuɗin injin tun a gida. Girman da aka rubuta a jikinsa ma kada ya ruɗe ki: injin kilo 7 ko 8 na auduga ake nufi, a wankin laushi littafinsa zai ce kada a wuce kilo 2 ko 3. Leshi ɗaya da mayafi biyu, an gama.

Ba duk kaya ne ke shiga ba, ko da injin daga sama ya faɗo. Ki juya rigar ki nemi 'yar takardar da ke ɗinke a ciki. Hoton baho mai layi ɗaya a ƙasa, wankin a hankali. Layi biyu, a hankali ƙwarai. Hannu a cikin baho, wankin hannu. Baho da aka soke da gicciye, ruwa bai halatta gare shi ba. Kayan da telanmu ya ɗinka ba su da wannan takardar, sai hankali. Shadda gizna, wadda kamfanin Getzner ke saƙawa a garin Bludenz na Ostiriya, auduga ce mai ƙarfi, ba yagewa ake ji mata ba, ƙyallinta ake ji, shi ya sa na Maigida nake juya ta ciki waje, ruwan sanyi, matsewa kaɗan, shanya a inuwa, in ta fara dusashewa a kai wa masu bugu. Babbar riga mai aikin hannu da hular zanna, waɗannan hannu da masu wankin hula suka sani. Mai duwatsu da mai zif kowanne a jakar raga tasa. Garin omo mai cin daƙiƙar maiƙo yana ɗauke da sinadaran da ke cin siliki da ulu a hankali, ki nemi sabulun ruwa mai sauƙi. Kuma don Allah a cire fil daga mayafi. Rabin abin da mai gyara ke zaƙulowa daga matatar da ke ƙasan injin, fil ne da tsabar kuɗi.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, don a nan aka yi mini sakiyar da ba ruwa. Bayan leshin nan na rantse sai mai ƙofar gaba, kuɗina kuma bai kai sabo ba, sai wani ya kai ni wani shago a bayan layin masu kayan wuta. Inji fari tas, suna babba a goshinsa, mai shago yana ta “Hajiya, wannan ɗan Jamus ne, tsohuwa ce ta yi amfani da shi wata shida.” Kowane tokumbo a ƙasar nan tsohuwa ce ta yi amfani da shi. Ya jona wuta, gangar ta juya babu ruwa babu kaya, na biya. A gida, ko ina na murɗa maɓallin, wanki ɗaya yake yi, matsewa ɗaya, kamar jirgi zai tashi. Da mai gyara ya buɗe sai ga allon wani injin daban an ɗaure da waya, fentin jikin kuma na feshi ne a kan tsatsa. Sunan da ke goshin, sitika ce, da farce ta ɓare. Na koma shagon, aka ce wanda ya sayar mini ya tafi ƙauye.

Don haka in tsoho za ki saya, kada ki yarda da juyin ganga a bushe. A zuba ruwa, a sa tsumma, a kunna wankin laushi a gabanki, ki ga ko da gaske yana lilo yana hutawa, a sauke matsewa zuwa 400 ki ji ko ƙarar ta sauka. Ki sa hannu ki juya gangar: in kika ji gurnani kamar dutsen niƙa, ko ta yi lakwaf sama da ƙasa, boris ɗinta ya tafi, gyaransa kuwa ya kusa kuɗin wani injin. Ki ɗaga leɓen robar ƙofa ki duba tsaga da baƙin fumfuna, ki shafa cikin gangar da tsohuwar safa, duk inda ta maƙale nan leshinki zai maƙale. Ki karanta farantin da ke baya ko a bakin ƙofa: wutarmu 220 zuwa 240 ce, wanda aka rubuta wa 120 na Amurka ne, sai da taransifoma, kuma ba kowanne ke jituwa da wutarmu ba ko da ita.

Sabon ma ba a rufe ido. Lambar da ke jikin kwali ta dace da ta jikin injin da ta katin garanti, a rubuta ta a rasit mai hatimin shago. In aka ce miki garantin shekara 10, ki tambaya na me, don LG da Samsung da ire-irensu a kan motar da ke juya gangar kaɗai suke ba da wannan, sauran jikin wa'adinsa gajere ne. Ki tambayi inda ofishin gyaransu yake a garinku kafin ki ƙirga kuɗi. Sannan ki zagaya bayan injin: sabon mai ƙofar gaba yana zuwa da manyan ƙusoshi uku ko huɗu da ke riƙe gangar saboda tafiya. In babu su, an taɓa buɗe shi, ko me kwalin ya ce. In suna nan, ki tsaya a kan mai haɗawa har ya kwance su ya miƙo miki a hannu, don in aka kunna da su, injin zai yi ta tsalle har ya bar inda aka ajiye shi. Na sabon injin da na saya daga baya suna cikin leda a ƙasan akwatin lefen, kusa da abin da ya rage na leshin, wanda tela ya fitar mini da ɗankwali ɗaya daga ciki.