Allon tunawa a jikin rijiyar sadaka: na dutse ya fi, amma a duba rubutun

Da yawa daga cikin samarin sojojin da suka rasu a yaƙi da Boko Haram a maƙabartar barikin Maimalari da ke Maiduguri aka binne su, nesa da iyayensu. Shi ya sa iyalai da abokai kan haɗa kuɗi a haƙa rijiya ko burtsatse a unguwar da yaron ya tashi, a liƙa allo mai sunansa domin mai ɗiban ruwa ya yi masa addu'a. Shagunan buga fosta da masu sassaƙa dutse duk suna karɓar wannan aiki, sai dai ingancinsa ya sha bamban.

Allon roba mai sitika ya fi araha kuma a yini ɗaya ake gama shi, amma rana tana cinye launinsa, sitikar kuma ta fara ɗagowa daga gefe. Farin mabul yana da kyau a ido, illarsa ruwan burtsatse mai ƙarfe yana bar masa jan tabo da ba ya wankuwa. Baƙin dutsen giranit mai kaurin santimita 2 shi ne ya cancanci kuɗinsa. Faɗin santimita 60 da tsayin 40 ya ishi suna, muƙami, bataliya, ranar rasuwa da gajeriyar addu'a. A nemi a haƙa haruffan su nutsa kamar milimita 2. Zanen na'urar leza, mai zane da haske, a saman dutsen kawai yake, ƙura na hawa sai ya dushe.

Inda masu aikin suka fi yin kuskure shi ne rubutu. Idan manhajar zanen ba ta gane Larabci ba, sai haruffan "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" su rarrabu, su juya daga hagu zuwa dama, mai sassaƙa kuma ya bi su haka. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ kan ɓace, a ga ɗan akwati a gurbinsu. Muƙami ma ana rikita shi, a mayar da Las Kofur ya zama Kofur. Kada a biya cikon kuɗi sai an buga zanen a takarda daidai girman allon, malami ya karanta Larabcin, a kuma gwada suna da muƙami da takardar da rundunar ta ba iyali. Dutse in an sassaƙa ba a gogewa.

Wajen kafawa, siminti kaɗai ba ya riƙe allo a bango mai danshi. A huda kusurwa huɗu, a ɗaure da sukurori marasa tsatsa, a ɗaga shi aƙalla mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da fantsamar ruwa da taɓo, tunda akwai sunan Allah a jiki.